'Yata ta daina ji bayan sanƙarau: dashen na'urar ji zai yi mata, kuma ina talaka zai samo kuɗin?

Tambaya daga wani malamin firamare a Rigasa: "'Yata shekararta ɗaya da wata takwas. Wata biyu da suka wuce ta yi sanƙarau, muka yi kwana goma sha biyu a asibiti, Allah ya tashi kafaɗunta. Amma tun da muka dawo gida ko an kira sunanta ba ta waiwayowa, 'yan kalmomin da ta fara yi, su Baba da Mama, duk sun ɗauke. Likita ya ce mai yiwuwa sai an dasa mata na'ura a kunne, ya faɗi kuɗin da albashina na shekara goma bai kai ba. Kakarta ta ce a bari, jin zai dawo da kansa. Ƙanena kuma ya ce a sayar da gonar gado a tafi Masar. Shin abin nan yana aiki da gaske? Me ya sa ya yi tsada haka, kuma babu yadda za a yi talaka ya same shi?"

Malam, sannu da jinya, Allah ya ƙara mata lafiya, ya ba ku ladan haƙuri kai da mai ɗakinka. Aikina gwajin ji ne da saita na'urorin kunne a nan Kaduna, kuma irin labarin 'yarka duk bazara sai mun ji shi. Bari in ajiye maganar kuɗi tukuna, domin akwai wadda ta fi ta gaggawa.

Ka ba Hajiya Kaka haƙuri, amma kada a jira. Akwai yaran da jinsu kan ɗan farfaɗo a makonnin farko bayan sanƙarau, shi ya sa maganarta ba ta rasa tushe ba. Sai dai wata biyu sun wuce yarinya ba ta waiwaya, kuma sanƙarau yana da wani mugun hali da yawancin cututtukan da ke kurumtar da yara ba su da shi. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan ƙashi mai murɗe kamar katantanwa, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba. Likitoci na ce masa kokiliya, ni kuwa in ina yi wa iyaye bayani katantanwar kunne nake cewa. Cikinsa rami ne mai ruwa. Idan ƙwayar cutar sanƙarau ta shiga ramin nan, bayan zazzaɓin ya sauka sai wurin ya fara yin tabo, tabon kuma ya riƙa rikiɗewa yana zama ƙashi. Wannan kan fara cikin makonni kaɗan. Ta cikin ramin nan ake zura wayar na'urar. Ranar da ya toshe, ko kuɗin duniya ka tara, aikin ya zama mai wuya, sakamakon kuma ya ragu ƙwarai. Saboda haka yaron da sanƙarau ya kurumtar, a ko'ina aka san aikin nan, gaban layi ake kai shi.

Shin tana aiki? Tana yi, in an dasa wa wanda ya dace a lokacin da ya dace. A cikin katantanwar nan akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu gashi-gashi wajen 15,000, aikinsu su mayar da girgizar sauti ta zama saƙon lantarki, jijiyar ji ta ɗauka ta kai ƙwaƙwalwa. In suka mutu ba sa sake tsirowa. Na'urar ƙara ji wadda ake maƙalawa a kunne, irin ta tsofaffi, ƙara ƙarfin sauti kawai take yi, kamar lasifika, don haka tana buƙatar a ce da sauran ƙwayoyin da ke raye. Wadda ake dasawa kuwa tsallake su take yi ta taɓa jijiyar kai tsaye. Kashi biyu ce. Ɗaya likita ke binnewa ƙarƙashin fata a bayan kunne, da siririyar waya mai bakuna daga 12 zuwa 24, gwargwadon kamfani, wadda ake zurawa cikin katantanwar. Ɗayan yana waje, shi ke da makirfo da batir, yana manne da na ciki ta hanyar maganaɗisu. Tiyatar awa biyu zuwa uku ce, kuma ba a taɓa ƙwaƙwalwa, ka kwantar wa mahaifiyarta hankali a kan wannan, don shi ne abin da iyaye mata suka fi tsoro. Ba sabon abu ba ne da za a ce gwaji ake yi da 'yarka. Ingeborg da Erwin Hochmair sun ƙera tasu aka dasa a Biyana ta Ostiriya a 1977, Farfesa Graeme Clark ya dasa tasa a Melbon ta Ostireliya a 1978, Amurka ta amince a yi wa yara a 1990, a 2020 kuma ta sauko da shekarun zuwa wata tara. Na'urorin da aka dasa a duniya yau sun kai wajen miliyan guda.

Kafin kowa ya ce maka ta dace ko ba ta dace ba, sai an yi gwaji. Tafa hannu a bayanta ko buga faranti ba gwaji ba ne. Yaro kurma ya fi kowa ido, inuwarka yake gani, ko ya ji girgizar ƙasa a ƙafarsa, sai ya juyo, gida ya ɗauki murna ana cewa ai tana ji, a ƙara ɓata wata shida. Mu a Kaduna mun yi sa'a, Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1999, a garinmu take, mutanen Sakkwato da Maiduguri ma nan suke tahowa. Ga kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Abin da za ka nema shi ne gwajin ABR. Ana manna wa yarinya 'yan wayoyi a goshi da bayan kunnuwa tana barci, a saka mata sauti, kwamfuta ta nuna ko saƙon yana isa ƙwaƙwalwa, kuma a wane ƙarfi. Idan sai sauti ya haura dasibel 90, wato ma'aunin ƙarfin sauti, kafin a ga motsi, ko ma ba a gani sam, kurumtar ta yi zurfi. Daga nan sai hoton CT da na MRI, su ne za su nuna ko ramin yana buɗe, da wane kunne ya fi saura. A ƙa'ida akan gwada wa yaro na'urar ƙara ji na wajen wata uku kafin a yanke shawarar tiyata, amma ga mai sanƙarau in hoto ya nuna toshewa ta fara ba a tsayawa wannan.

'Yarka tana da abu biyu a hannunta. Na farko ƙuruciya. Sashen ƙwaƙwalwa da ke koyon ji da magana a shekaru ukun farko yake ginuwa, kuma in bai samu sauti ba, gani da taɓawa su kan mamaye wurin. Yaron da aka dasa wa kafin shekara biyu sau da yawa yakan shiga makaranta da sa'o'insa. Wanda aka haifa kurma aka kawo shi yana da shekara takwas ko goma, zai ji ƙarar mota da bugun ƙofa, amma magana da wuya ta zauna masa, kuma ni ba na ɓoye wa iyaye wannan ko da ransu zai ɓaci. Na biyu, ta yi shekara ɗaya da rabi tana ji. Ƙwaƙwalwarta ta san muryar uwarta, ta san kiran salla, ta san kukan akuya. Wannan jari ne, sai dai kullum narkewa yake yi. Haka abin yake ga manya waɗanda suka yi magana suka gama kafin zazzaɓin Lassa ko wata allura ta ɗauke musu ji, su ma sukan amfana sosai.

Akwai abin da nake so ka gaya wa mai ɗakinka tun yanzu, don kada ranta ya karye. Ba a kunna na'urar ranar tiyata, sai mako biyu zuwa huɗu in rauni ya warke. Na tuna wata uwa da ta zo ranar kunnawa da sabon lalle da sabuwar atamfa, ta zo da ƙanwarta riƙe da waya ana ɗaukar bidiyo. Ina danna kwamfuta ina ƙara ƙarfin lantarkin kaɗan-kaɗan, yaron na wasa da murfin kwalba a kan tabarma. Can sai ya tsaya cak, ya zaro ido, ya fizge abin daga kansa ya ƙwala ihu ya faɗa jikin uwar. Ita ma sai ta fashe da kuka, ta ce, "Likita, ya ƙi." Na ce mata Hajiya, ihun nan shi muke nema, ya ji ne. Ita ta zo ne ta ji ya ce Mama. Sai da aka yi wata biyar kafin ya faɗa. Sautin da na'urar ke bayarwa da fari ba irin namu ba ne, manyan da aka dasa wa sukan ce kamar rediyon da bai kama tasha sosai ba. Ƙwaƙwalwa ce ke koyon fassara shi a hankali. Shekarar farko za a yi ta dawowa saiti, da farko kusa-kusa, daga baya wata uku-uku, sannan shekara-shekara har iyakar rayuwa.

Mu Hausawa kuma da wani ƙarin aiki a kanmu. Harshenmu na karin sauti ne. Kuka na hawaye da kuka ta miya baƙaƙensu ɗaya, hawa da saukar murya ne suka raba su, kuma nan ne na'urar ta fi rauni. Sinawa ma harshensu haka yake, an kuma ga yaransu da aka dasa wa da wuri suna kama karin. Amma sai an yi ta zuba wa yaro magana. Masu koyar da magana a Arewa ƙalilan ne, littattafan da suke aiki da su kuma yawanci na Turanci ne. Na sha ganin an ce wa uwar da ba ta jin Turanci ta riƙa yi wa ɗanta Turanci, wai don kada a rikita shi. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Mai koyar da magana awa ɗaya zai gan ta a mako, uwa kuwa tana tare da ita daga asuba zuwa dare. Ta yi mata harshen da take mafarki da shi, tana wanke-wanke tana faɗin sunan kwano da ludayi, tana yi mata tatsuniya da waƙar raino. Kowace safiya kuma ta tsaya bayanta ta furta sautuka shida da muke gwada na'ura da su, mmm, uuu, aaa, iii, shhh, sss. In yarinya ta amsa duka, na'urar lafiya lau take. In ta daina amsa sss, a zo saiti.

To, kuɗi. Kamfanonin da ke ƙera ta ba su da yawa, manyan su ne Cochlear na Ostireliya, MED-EL na Ostiriya, Advanced Bionics na Amurka, sai Nurotron na ƙasar Sin. Da dala ake saye, kuma na'urar kaɗai takan haura dala 10,000. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta wuce 1,500. Ka ga ke nan abin da iyali suka yi shekara biyu suna tarawa ya koma sulusi suna zaune. A kan wannan sai a ɗora kuɗin hotuna, tiyata, gado, da allurar rigakafin da ake yi wa yaro kafin aiki.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Sayen doki daban, harawarsa daban. Na'urar waje tana cin batir. In na yarwa ne, kwana biyu zuwa uku ya ƙare. In na caji ne, kullum sai an caja, kuma ka san halin wutarmu, sai an haɗa da ɗan sola. Wayar da ke haɗa na'urar da maganaɗisun tana tsinkewa, balle a kan yarinya mai ƙiriniya. Gumin bazara da ƙurar hunturu suna kashe makirfo, shi ya sa kowane dare sai an kwantar da ita a akwatin busarwa. Bayan shekara biyar zuwa bakwai kuma ita kanta na'urar wajen sai an canza ta, da kuɗi masu nauyi. Wani dattijo ya taɓa zuwar min daga wani ƙauye, ya zaro gwangwanin madara daga aljihun babbar riga, ya buɗe, ga na'urar jikansa a naɗe cikin auduga. Wani mai hali ne ya ɗauki nauyin yaron aka kai shi ƙasar waje, aka yi hotuna, aka dawo. Wayar ta tsinke, ba su san wanda za su kira ba, takardun da aka ba su ma ba wanda ya iya karantawa. Wata bakwai yaron yana cikin shiru da na'urar miliyoyi a cikin kansa, a kan wayar da kuɗinta bai kai na tunkiya ba. Kalmomin da ya koya duk sun zube. Mai halin nan ya yi alheri, Allah ya saka masa, amma ya biya kuɗin rana ɗaya ne a aikin da ke ɗaukar shekaru.

Don haka maganar ƙanenka ta Masar, ga yadda nake kallonta. Masar da Indiya suna da ƙwararru, ba musu. Amma an yi aikin nan a Najeriya, a Jos da Legas da Abuja, kuma likitan kunnen da ya duba ta zai gaya maka inda ake yi a yanzu. Ko a ina za a yi, kafin ka ba da ko sisi ka samu amsar waɗannan a rubuce: wane kamfani ne, yana da wakili a Najeriya, wa zai riƙa yi mata saiti kuma a wane gari, garantin na ciki shekara nawa ne, na waje nawa, waya da batir nawa ne kuma a ina ake samu. Kowane kamfani da manhajarsa da igiyar saitinsa. In aka dasa mata irin da babu mai saita shi a kusa, kun ɗaura aure da jirgin sama ke nan.

Ka tambaya ko babu yadda za a yi talaka ya samu. Akwai, kuma wasu ƙasashen da ba su fi mu kuɗi can-can ba sun nuna hanya. Tsadar nan rabinta daga sayen ɗai-ɗai take. Uba ɗaya da ke tsaye gaban wakilin kamfani da 'yarsa a kafaɗa ba shi da bakin ciniki. Gwamnatin Sin a ƙarshen 2024 ta haɗa buƙatar asibitocinta ta yi ciniki a dunƙule, farashin na'ura ya faɗo daga sama da yuwan 200,000 zuwa wajen 50,000. Indiya tun 2014 gwamnatin tarayyarta ke biya wa yaran talakawa 'yan ƙasa da shekara biyar, jihar Tamil Nadu kuma ta saka dashen cikin inshorar lafiyar jiha. Mu ma muna da mazubin. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu, jihar Kaduna tana da hukumarta ta inshorar lafiya, KADCHMA, ga dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019. Duk da haka iyalan da suka biyo ta hannuna, kusan dukkansu daga aljihunsu suka biya, ko wani ya biya musu. Da jihohin Arewa maso Yamma bakwai za su haɗa kai su riƙa sayen na'urori a dunƙule duk shekara, da sharaɗin kamfanin ya ajiye kayan gyara a Kaduna ya kuma horar da masu saiti, da lissafin ya sauya. Masu zakka da waƙafi kuwa, da za su ji tawa, da sun ware wani abu don batir da waya da kuɗin motar zuwa saiti. Ba a yi wa wannan bikin ƙaddamarwa, amma kuɗin tiyatar yaro ɗaya zai hana na'urorin yara da yawa komawa cikin gwangwani.

Sannan da yawan yaranmu ba kuɗi ne ya fara hana su ba, latti ne. Ƙa'idar da ake bi a duniya ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Mu kuwa sai yaro ya kai shekara uku, huɗu, an gama cewa nauyin baki ne, babansa ma haka ya yi, an sha rubutu, an kai wa wanzami ya duba harshe, sannan a zo mana. Na'urar gwajin jarirai, OAE, ba ta fi wayar hannu girma sosai ba, minti biyu ne jariri na barci a cinyar uwarsa. Za a ce ai matanmu a gida suke haihuwa. Dakta Bolajoko Olusanya ta amsa wannan a Legas tuntuni, ta kai gwajin wuraren allurar BCG, inda har waɗanda aka haifa a gida ake kawowa. Babu abin da zai hana a yi haka a ƙananan asibitocin Rigasa da Tudun Wada da Kawo. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau kuma, kamata ya yi a gwada jinsa kafin sallama ko cikin mako huɗu, domin kusan ɗaya cikin goma kan fito da matsalar ji. Da an yi wa 'yarka haka da yanzu kun yi nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata: rigakafin ƙyanda da sanƙarau, kai jariri mai shawara asibiti da wuri maimakon shanya shi a rana, daina karɓar allurar jentamaisin a kemis ba da lissafin likita ba. Waɗanda suka ga annobar 1996, wadda ta kama mutum sama da 100,000 ta kashe fiye da 11,000 a Arewa, sun san yawan kuramen da ta bari. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar rigakafin Men5CV mai maganin nau'i biyar na cutar. Ka tabbata yayyenta da ƙannenta sun samu duk rigakafin da ake yi.

Wani abu kuma, ku fara maganar hannu da ita yau, kada ku jira tiyata. Wasu za su ce maka in ta saba da hannu ba za ta yi magana ba. Abin da na gani da idona akasin haka ne, yaron da ke da hanyar cewa yana jin yunwa ko ƙishi ya fi saurin kama magana in an kunna masa na'ura, fiye da wanda aka bari ba harshe ko ɗaya yana ta jifa da kwano don takaici. Ko mai na'ura ma in ya cire ta zai yi wanka ko barci, kurma ne. In kuma hoto ya nuna ramin ya toshe, ko kuɗin bai samu ba, 'yarka ba ta lalace ba. Kuramen Kaduna suna da harshensu da makarantunsu da ƙungiyoyinsu, cikinsu akwai malamai da teloli da masu digiri, suna aure suna haihuwa. Ka nemi babba guda a cikinsu ya riƙa zuwa gidanka, zai koya muku abin da ni ban iya ba.

Gona kuwa, kada a sa ta a kasuwa kafin sakamakon ABR da hotuna su fito, kuma kada a sayar da abin da zai ciyar da na'urar don a sayi na'urar. In hoton ya yi kyau, ka karɓi rahoton likita da takardar farashi a rubuce. Da su za ka je ofishin KADCHMA, da hukumar kula da masu buƙata ta musamman, da kwamitin zakka na masallacinku, da ƙungiyarku ta malamai, da ɗan majalisarku. Mai takarda a hannu an fi sauraronsa. In kuɗin kunne ɗaya ya samu, a yi ɗayan, kada a tsaya jiran na biyu.

Ranar Litinin ka kama hanya da sassafe. Ka riƙo katin asibitin da aka kwantar da ita da duk takardar da ke nuna alluran da aka yi mata, kuma kalmar farko da za ta fito daga bakinka a wurin yankar kati ita ce sanƙarau, ka faɗi kwanan watan. In an ba ku ranar ABR, a tashe ta tun asuba, kada a bari ta yi barci a Keke Napep, mahaifiyarta ta riƙe abincinta sai kun shiga ɗakin gwaji, don ta ci ta yi barci mai nauyi a yi aikin a zama ɗaya.